Ranar da Ɗanjuma Ya Jira Hasken La'asar

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Dogon Dutsi ya bi bakin gudron, wato titin kwalta, yana neman bokiti ko buta, to ya san Ɗanjuma, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne mai shagon robobin nan da in ka tambaye shi buta sai ya fara gaya maka abin da ke damun injin motar da ta kawo ka. Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, katanga ɗaya ta raba mu, ban taɓa jin an ambaci wata sana'a a gabansa ya ce bai iya ba. Ya taɓa gyara rediyon liman, tun ranar liman a gidan maƙwabta yake jin labarai. Ya taɓa yi wa tasa akuyar allura da hannunsa, ranar unguwa ta ci nama.

Bara, da faɗuwar damina, ya sayi salula, wayar hannu mai idon ɗaukar hoto uku a baya. Ya yi kwana biyu bai sayar da ko ludayi ba, yana kallon wata baturiya a bidiyo tana koyar da yadda ake ɗaukar hoton yara da iyali. Da Faransanci take magana, shi kuwa Ɗanjuma daga aji uku ya bar lakwal, wato makarantar boko, amma ya ce ya gane har abin da ba ta faɗa ba. Ya zo majalisarmu ta shayi da dokoki uku. Ta farko, ba a jera mutane kamar buhunan gero, ana kama su ne ba su sani ba, sunan wannan natirel. Ta biyu, mai hoto ba ya tsayawa tsaye, ko ya kwanta daidai tsawon yara ko ya hau sama. Ta uku, wadda ya fi ji da ita, ba a ɗaukar hoton kirki sai da hasken bayan la'asar, sa'ad da rana ta yi ruwan zinariya. Ya ce duk hotunan da aka ɗauka a Arewa tun zuwan Nasara ɓarna ce, har da na katin shaidarmu. Muka ce Allah ya ƙara basira, muka ci gaba da shan shayi.

Ana cikin haka sai matar ƙanensa ta haihu. Ƙanen, Abdul'aziz, yana Abijan yana sayar da takalma, wata bakwai rabonsa da gida, a shekarar ko noma bai samu dawowa ba. Matar, Fadila, haihuwar fari ce, saboda haka tana gidan mahaifinta Malam Alhassan a nan cikin gari, can za a yi suna. Abdul'aziz ya aiko da saƙon murya, ya ce ba ya roƙon komai sai hoto ɗaya: mahaifiyarsu, Inna Sahura, zaune da jaririn a cinyarta, sauran jikoki kewaye da ita. Ya ce a kira Ma'azu mai hoto na bakin kasuwa.

Roƙon ya fi ƙarfin yadda ya faɗe shi. Inna tana Matankari, ta tsufa, mota tana karya mata jiki. Jikokinta goma sha uku ne har da jaririn, wasu a nan, wasu a Matankari, wasu a Kore Mairuwa, ba a taɓa tara su wuri ɗaya ba, kuma kowa ya sani a ransa ba lallai a sake tara su tana raye ba. Ban da haka, kunya ba za ta bar Abdul'aziz ya buɗi baki ya ce a nuna masa ɗansa na fari ba. Ya fake da Inna ne don ya ga fuskar yaron.

Ɗanjuma ya je da kansa ya sallami Ma'azu. Ya gaya masa zamaninsa ya wuce, shi da ƙyallensa na bayan hoto mai zanen jirgin sama. Ma'azu mutum ne marar hayaniya, shekara talatin yana cewa mutane su ɗaga haɓa. Ya ce ba komai, zai dai zo suna a matsayin mai cin tuwo.

Ranar suna da hantsi aka raɗa wa yaro Hamza, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Kubra, matar Ɗanjuma, mace ce mai zafin nama. Kafin ƙarfe tara ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi, ta zaunar da Inna, ta ɗora mata jaririn, ta jera yara sha biyu cikin ankonsu na shuɗiyar atamfa, kowa an shafe shi da mai, 'yan mata sun sha kitso da kwalli. Wanda ya san yara ya san wannan ba ƙaramin yaƙi aka ci ba. Ta aika a kira maigida.

Ya zo cikin babbar riga fara ƙal, ya dubi yara, ya dubi sama, ya girgiza kai. Ya ce hasken ɗanye ne.

Kubra ta ce, "Baban Rumaisa'u, haske tuwo ne da za a jira ya nuna? Ga yara sun tsaya, ka danna mu tashi."

Ya ce mace mai yawo da tsohuwar salula mai fasasshiyar fuska, an ɗaure ta da roba, ba ta da bakin magana kan lumiyar, wato haske a yaren baturiyarsa. Don ya nuna wa jama'a yadda aikin zai kasance in lokaci ya yi, sai ya durƙusa gaban yaran, hannu da gwiwa a ƙasa, yana rarrafe yana gwada tsawonsu. Iska ta ɗebo babbar rigar ta baya ta kifa masa a ka. Yara suka fashe da dariya, har Inna sai da haƙoranta uku suka bayyana. Kubra tana tsaye a bayansa da salularta a hannu, kamar mai duba ƙarfe nawa. Da ya fito daga cikin rigar ya ce a watse, a dawo bayan la'asar.

Inna ba ta dube shi ba. Ɗanjuma ɗanta ne na fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, haka al'ada take. Ta juya wajen Kubra ta ce a gaya wa wancan motar Matankari ƙarfe biyar za ta tashi, kuma ita ba ta kwana a garin surukai.

Daga nan Ɗanjuma ya shiga farautar natirel.

Malam Alhassan dattijo ne mai kamun kai, wanda ko ruwa ba ya sha a gaban surukansa. Da aka soya kayan cikin rago, sai ya karɓi ɗan kwanonsa ya lallaɓa bayan ƙofar zaure, ya ba jama'a baya. Bai san akwai ido uku a tsagar ƙofar ba. Akwai kuma wani matashin ustazu, mai sayar da turare, wanda da safe ya yi doguwar nasiha a kan kiɗan ƙwarya da mata ke yi a wurin suna. Da azahar ya tsaya jikin katanga yana jiran abokinsa, kiɗan yana tsallakowa, ƙafarsa ta dama ta manta da nasihar. Ɗanjuma na bayan randa, ya ɗauke shi sau ashirin. Ya ɗauki masu barci baki buɗe, ya ɗauki masu sakace, ya ɗauki wata Hajiya tana zuba naman suna a jakarta. Salular tana ta ƙyas-ƙyas kamar ana fasa gyaɗa. In an tambaye shi sai ya ce gwani ba ya ƙirga harsashi.

Sai ya yi sallama ya faɗa cikin gida, wajen mata, da hujjar cewa shi wan miji ne. Fadila tana zaune a ƙofar ɗaki lulluɓe, jaririn yana hannun wata gwaggonta. Ɗanjuma ya ce a miƙa mata ɗanta. Ya ce ta rungume shi, ta haɗa kuncinta da nasa, ta dube shi cikin ido ta yi murmushi irin na uwa. Wannan duka a gaban mahaifiyarta, da Inna, da tsofaffi wajen goma.

Mai kiɗan ƙwarya ta ajiye sandunanta. Fadila ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Yarinyar da kwana bakwai ana fama da ita ta shayar da yaron in akwai ido a kanta, ita za a ce ta yi wa ɗan fari murmushi a bainar jama'a.

Gwaggon ta ce, "Kai, ɗan nan, a gidanku haka aka yi maka? Ga uwarka nan zaune, tambaye ta in ta taɓa duban ka ta yi dariya."

Ɗanjuma ya ce ai shi ya sa Afirka take baya. A ƙasashen da suka ci gaba, uwa har sumbatar ɗanta take yi a hoto.

Inna ta tofar da goro, ta ce da Kubra, "Ki hwaɗa ma wancan, ko ba kunya, ni ban ga abin dariya a huskarshi ba. Abin kuka na gani."

Mata suka kwashe da shewa, aka raka shi da guɗa har bakin zaure. Ya fito yana cewa ya samu hotuna masu kyau na bayan mayafi.

Yara kuwa, tun da aka ce su watse, sun watse da gaskiya. An yi ruwa shekaranjiya, akwai kududdufi a bayan gida. Kafin azahar shuɗin anko ya koma ruwan ƙasa, kitso ya sha yashi, kwalli ya gangaro har haɓa. Ɗanjuma ya ce madalla, wannan shi ne natirel na asali. Ya kwanta rub da ciki a tsakiyarsu don cika doka ta biyu. Yaran suka ɗauka wasan doki ne, su bakwai suka haye bayansa, na ƙarshe ya riƙe kunnuwansa ya yi linzami da su. Wani ɗan shekara biyu, wanda ba ya sa wando, ya zauna masa a wuya ya yi abin da 'yan shekara biyu suke yi in sun samu wurin zama mai laushi. Da ya miƙe, farar rigar ta zama taswirar ƙasa, da koguna da duwatsu.

Muka ba shi shawara ya je gida ya sake kaya. Ya ce saura hoton sama.

Akwai rumfar zana a tsakar gida inda mata ke girki. Ya samo tsani ya jingina ta waje, ya hau katanga, ya taka rumfar yana rarrafe, salula a gaba. Wanda ya kafa rumfar nan ya kafa ta ne don ta tare rana, bai yi shawara da mutum mai tumbi ba. Muna zaure muka ji ƙarar itace, muka ji salatin mata, muka ji wani abu ya ce tsulum. Da muka shiga muka tarar da shi zaune cikin babban bahon kunun kanwa da aka dama wa maijego, Allah ya sa ya huce. Ƙafafu a sama, hula a cikin miya, hannu ɗaya a miƙe riƙe da salula. Abin da ya fara faɗa shi ne wayar ba ta jiƙa ba.

Ma'azu yana gefe da kwanon tuwonsa. Ya ce shi dai shekara talatin yana aiki bai taɓa shiga kunu ba, amma ilimi kogi ne.

Aka yi la'asar. Sai gabas ta fara haɗa rai, hadari ya taso baƙi ƙirin. Direban motar Matankari ya iso ƙofar gida yana danna oda, yana cewa in ruwa ya riga su hanya sai dai su kwana a daji. Mutanen Kore Mairuwa su ma suka fara ɗaure kaya. Kubra da mata uku suka bazama kamun yara. Aka samo goma. Ɗaya yana barci a ƙarƙashin gado, aka ɗauko shi yana tsala ihu. Ɗaya ya bi masu kalangu unguwar gaba, sai da aka bi shi da kabu-kabu. Inna ta zauna a tabarma, takalmanta a ƙafa, ƙullin kayanta a gefe, jaririn yana kuka, jikoki kamar an tono su daga rami.

Nan fa, don kada a ce ban yi adalci ba, rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadarin, ta zuba wani haske ja-ja mai taushi a kan katanga da fuskokin mutane. Baturiyar ba ta yi ƙarya ba, abin da kyau. Ɗanjuma ya buɗe hannuwa, kunu yana bushewa a wandonsa, ya ce jama'a su shaida, wannan ake kira lumiyar. Ya durƙusa ya danna. Wani rubutu ya fito a fuskar wayar, ya share shi da yatsa, ya ce talla ce. Ya sake dannawa, ya sake sharewa. Sau uku. Ya miƙe ya ce an gama, a je a huta.

Ko minti biyu ba a yi ba hasken ya ɗauke, iska ta taso. Aka cusa Inna a mota da jikokinta na Matankari, na Kore Mairuwa suka ruga tasha, ruwa ya kece. Mu da muka rage, maza da yawa da wasu mata, muka cunkushe a zaure da baranda.

Ma'azu ya ce a nuna masa hoton ya ƙaru. Ɗanjuma ya ce gwani ba ya duba aikinsa, mai shakka ke dubawa. Dangin nan biyu suna da zauren WhatsApp da aka buɗe tun bikin Fadila, kowa yana ciki, daga Malam Alhassan har Abdul'aziz, har abokan arziki irinmu. Ɗanjuma ya zaɓi duk abin da ya ɗauka tun safe ya tura a ciki. Rezo, wato sabis ɗin waya, wanda kullum rarrafe yake yi a garin nan, ranar sai ya tashi da gudu.

Wayoyi suka fara kuka a aljihu, kamar an shiga akurkin 'yan tsaki.

Hajiyar jaka ce ta fara ganin kanta, ta ce ai wa marayu ta ɗiba. Ustazu ya ga ƙafarsa a sama cikin hotuna ashirin a jere, in ka ja su da sauri har rawar tana fitowa. Ya ce yana kakkaɓe tururuwa ne, ya fita cikin ruwan sama ba laima. Sai aka zo kan Malam Alhassan: ido a lumshe, baki a buɗe, hanji ɗaya yana lilo tsakanin haƙori da yatsa, mai yana bin gemu. Surukansa duka suna wurin, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon wayarsa, kafaɗu suna rawa.

Malam Alhassan ya daɗe yana duban hoton. Sannan ya ce, a hankali, "Ɗanjuma, shekara sittin da huɗu ba wanda ya taɓa ganin cikin bakina sai mai cire haƙori. Yau ka kai shi Abijan."

Ɗanjuma ya ce a yi haƙuri a kai ƙarshe, hoton Inna zai wanke komai. Aka yi ta ja. Bayan mayafi, bayan mayafi, ƙafar yaro, cikin hancin yaro, ƙasa, ƙasa, kan rumfa. Hoto na ƙarshe sararin sama ne ta cikin yagaggiyar zana, da takalmin Ɗanjuma ɗaya yana tafiya shi kaɗai. Daga nan babu komai.

Ma'azu ya karɓi salular, ya danna wurin ɗauka, rubutun nan ya sake fitowa. Ya karanta a fili, ya fassara wa waɗanda ba su yi lakwal ba da wanda ya yi aji uku: wayar ta ce cikinta ya cika, ba ta da wurin ajiye ko hoto ɗaya. Tun faɗawa kunu take faɗin haka.

Dariya ta tsaya. Inna ta yi nisa, yara sun rabu gida uku, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗanjuma ya karɓi salularsa ya cusa a aljihu.

Sai saƙon murya ya shigo daga Abijan. Wani ya ce a kashe, wani ya ce a buɗe, Ma'azu ya buɗe ya ƙure sauti. Abdul'aziz ne. Ya ce Allah ya saka wa Yaya Kubra da alheri, hoton da ta turo masa tun ƙarfe tara ya fi abin da ya roƙa. Ya ga Inna tana dariya, abin da ya manta kamanninsa, ya ga yara duka tsaf, ya kuma ga baƙon da ke cinyar Inna. Ya ce tun safe yake kallo bai sayar da takalmi ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya gare shi: mene ne wancan babban farin abu a kusurwar ƙasa ta hagu, mai kama da buhun auduga da aka sa wa wando?

Kubra ta kwance robar salularta ta miƙa, wayar ta zaga zauren hannu zuwa hannu. Ga Inna da haƙora uku, ga Hamza, ga yara sha biyu cikin shuɗi suna ƙyalƙyala dariya. Abin da suke yi wa dariyar ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hoton, ya doso mai kallo kai tsaye, ba kai, ba fuska.

Kubra ta ce, "Ni ban san lumiyar ba. Na ga sun tsaya, na danna."

Washegari Ɗanjuma ya zo majalisa ya ce da gangan ya yi, da ba don shi ba yaran da ba su yi dariya ba, kuma Turawa suna sa abu a gaban hoto don ya ba shi zurfi. Muka ce lallai ya ba shi zurfi, har da faɗi.

Ma'azu ya wanke hoton babba ya sa a gilashi. Ya so ya yanke kusurwar, Inna ta hana, don yankan zai tafi da ƙafar jikanta ɗaya. Yana nan rataye a ɗakinta a Matankari, sama da gado. Na kai mata gaisuwa bayan girbi, na tarar da wasu mata baƙi suna ƙirga jikokin da yatsa. Da suka iso kusurwar hagu ɗaya ta tambaya, wannan fa na wane ne?

Inna ta gyara zama ta ce, "Kun san ba a hwaɗin sunan ɗan fari. Shekara arba'in da biyar ina bin al'adar nan ban san amfaninta ba, sai bana."